Wata Biyu Ina Shan Maganin Ciwon da Ba Ni da Shi

Shekarar da aka yi wa maigidana canjin wurin aiki zuwa Gembu, na manta yadda ake zama wuri ɗaya. Muna haya a Yelwa, makarantar firamaren da nake koyarwa tana can wani gefen gari, mahaifiyata kuma tana Barade, a gidan da aka haife ni. Yara uku ne a hannuna, ƙaramar ko wata biyu ba ta yi da yaye ba. Da asuba in ɗora ruwa, in shirya su, in tsaya bakin titi ina ɗaga wa masu keke hannu. In an tashi makaranta in biya kasuwa, in leƙa Inna, in dawo in tarar da wanki yana jirana. A tsaye nake cin abinci. Wata rana ma sai na ga kwanon a rufe da yamma nake tuna ban ci ba. Rigunana duk suka yi mini yawa.

A kan wannan kuma ga maganar gashi. Tun bayan haihuwar ƙaramar gashin gaban kaina ya fara zubewa, har goshina ya ƙara faɗi. Ba wanda yake gani tun da kullum da ɗankwali nake, amma ni ina gani, kuma abin yana cina. Mai yi mini kitso wata mata ce 'yar Mumuye a Kachalla Sembe, mun fi shekara goma tare. Hannunta ba zafi, bakinta kuma ba ya hutawa. Wata Asabar ta kwance mini kai, ta shafa goshina.

"Malama, wannan gashi naka ya gudu fa," in ji ta. Haka take Hausarta, kowa namiji ne a bakinta. "Akwai wani ƙwaya da ƙanwata ya kawo daga Legas. Bitamin ne kawai. Mata da yawa sun sha, gashi ya dawo."

Ta ɗauko wata farar kwalbar roba mai hoton mace da gashi har gadon baya. Na karɓa. A jikin kwalbar an ce ɗaya a rana. Ni da nake son abin ya yi sauri, sai nake shan biyu, ɗaya da safe ɗaya da yamma. A jakata take zama, tare da alli da jan biro. Ban taɓa kallonta a matsayin magani ba. A wurina ita da man shafawa duk ɗaya ne.

Inna tana da tabo a wuya, siriri, kwance kamar zaren sarƙa. Ina aji uku aka yi mata aikin maƙoƙo, kuma tun daga ranar muryarta ta dushe, ba ta sake dawowa ba. Kullum da safe sai ta haɗiyi wata 'yar ƙwaya, lokaci-lokaci kuma a ɗebi jininta a duba. Ta san wannan ciwo fiye da yadda ta san sunayen jikokinta.

Wata rana da la'asar na shiga wurinta a gurguje, na zauna a bakin gado, ƙafata tana ta karkaɗawa, ina fifita da littafin darasi. Zafin watan Maris ne, irin wanda ko bango ka taɓa sai ya ƙona ka. Ta daɗe tana kallona.

"Ɓingel am," in ji ta da Fulatanci, wato 'yata, "matso nan."

Na matsa. Ta ɗora yatsunta a gaban wuyana, ta ce in haɗiyi yawu. Na haɗiya.

"Kin rame. Kina gumi. Ba ki iya zama. Gabanki yana faɗuwa?"

"Wani lokaci, Inna. Gajiya ce."

"Ni ma haka na ce. Haka na fara."

Na yi dariya na ce zan makara, na fita. Amma a cikin keke hannuna yana wuyana har na isa gida. Kwana uku ina fama da kaina, a na huɗu na je wani ƙaramin asibitin kuɗi da ke kusa da mu.

Likitan matashi ne, mai fara'a, mutane cike a bencinsa. Na faɗa masa komai: rama, gumi, faɗuwar gaba, da aikin da aka yi wa mahaifiyata. Ya yi mini bayanin cewa akwai wani ɗan nama a gaban maƙogwaro, su suna ce masa tayirod, shi ne yake kumbura ya zama maƙoƙo. Aikinsa zuba wani sinadari cikin jini wanda yake tsara saurin jiki. In ya yi yawa, mutum ya rame, ya riƙa gumi, zuciya ta riƙa gudu. In ya yi kaɗan, komai ya yi sanyi.

"Kina shan wani magani yanzu, Malama?"

"A'a."

Har ga Allah gaskiya na faɗa, a yadda na fahimci tambayar. Kwalbar tana cikin jakar da ke kan cinyata.

Aka ɗebi jini. Bayan kwana biyu na koma, ya buɗe takardar, ya ja layi a ƙarƙashin wasu lambobi. Sinadarin ya haura inda ya kamata ya tsaya, nesa ba kusa ba. Ya ce kada in tsorata, ana maganinsa, mun kama shi da wuri tun wuya bai kumbura ba. Ya rubuta mini ƙwayar da za ta rage wa naman nan ƙarfin aiki.

Daga asibitin kai tsaye Barade na wuce. Inna ta karɓi takardar, ta riƙe ta a juye tun da ba ta karatun boko, ta daɗe tana kallo.

"Ni na ba ki," in ji ta. "Cikin duk abin da zan bar miki, wannan na ba ki."

"Inna, ciwo na Allah ne."

"Na sani. Amma ta jinina ya biyo."

Wannan maganar ta fi takardar yi mini nauyi. Daga ranar ta shiga aiko mini da jiƙo a jarka, ta sa aka yi mini rubutu, kuma duk wadda ta shigo gaishe ta sai ta ji labari. Kafin mako ya zagayo, dangin Barade kaf sun san ina da ciwon Inna. Gwaggona ta ce dama tun ina ƙarama ta lura idanuna sun cika fitowa. Wata malama a makaranta ta ce shi ya sa nake magana da sauri kamar ana kora ta. Abubuwan da aka san ni da su tun ina yarinya, saurin tafiya, saurin baki, rashin haƙuri a layi, duk aka kwashe aka zuba cikin ciwon. Ni kaina na fara yarda.

Na zama mai duba madubi. In shiga ajinmu in rubuta lissafi a allo, in juya baya in shafa wuyana. In ɗauki waya in karanta abin da aka rubuta game da ciwon, in ajiye, in sake ɗauka. Na koyi ƙirga bugun zuciyata da agogon bangon ofishin shugaban makaranta. In na ga tsohuwa da maƙoƙo a kasuwa sai in bi ta da ido har ta ɓace. Har lissafin wanda zai riƙe mini yara ranar da za a yanka ni na yi.

Makonni uku na farko ban ji wani canji ba. Daga nan sai jikina ya fara nauyi. Tashi da asuba ya zama aiki. Hawa ɗan tudun da ke gaban gidanmu sai na tsaya a tsakiya. Fuskata ta ɗan kumbura, fatata ta bushe, bayan gida ya zama sai an yi da gaske. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne sanyi. A tsakiyar Afrilu, mutane suna kwana a tsakar gida don zafi, ni ina neman rigar sanyin maigidana da ya bari.

Amma zuciyata ba ta lafa ba. Jiki ya ƙi motsi, tunani kuma yana ta zagaye kamar akuyar da aka ɗaure a turke. Wannan ya fi komai azaba: kana son tashi ka yi abu goma, hannunka ya kasa ɗaga bokiti.

Na koma asibiti aka sake gwaji. Lambobin suna nan a sama, kamar ban sha komai ba.

"Ikon Allah," in ji likitan, yana buga biro a tebur. "Kina sha kullum?"

"Ban taɓa tsallakewa ba. Amma likita, ni fa sanyi nake ji yanzu. Kuma barci kamar me."

Ya kalle ni, ya kalli takardar. A waje ana ta ƙwanƙwasa ƙofa.

"Jinin bai sauka ba tukuna. Bari mu ƙara ƙarfin maganin, ki dawo bayan wata ɗaya."

Ban yi musu ba. Wace ce ni da zan ja da takarda?

Bayan kwana goma na yi barci a aji. Na ba yara aikin raba lamba, na zauna in jira su gama, na ɗora kai a tebur. Da na farka, ajin tsit, yara fiye da hamsin sun zuba mini ido, shugaban makaranta yana tsaye a ƙofa. Bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, "Malama, je ki gida ki huta." Da faɗan ya yi mini da ya fi sauƙi. Shekara goma sha ɗaya ina koyarwa, ba a taɓa kama ni ko da zaune a lokacin darasi ba.

A ƙarshen watan maigidana ya sauko daga Gembu. Duk abin da ake ciki a waya yake ji, kuma a waya kullum "da sauƙi" nake ce masa. Ya shigo da buhun dankali da ayaba, ya tarar da ni a falo cikin rigar sanyinsa, fanka a kashe. Ya ajiye kayan a hankali.

"Wannan ne sauƙin?"

Na fashe da kuka, wanda na daɗe ina riƙewa.

"Gobe babban asibiti za mu," in ji shi. "Ni da nake kan dutse, cikin sanyin Gembu, ban sa irin wannan rigar da rana ba."

Mun yi rabin yini a layi kafin mu ga likitar da ke duba irin wannan ciwo. Dattijuwa ce, furfura ta leƙo ta gefen ɗankwalinta, tabarau a rataye a wuya. Na miƙa mata takarduna, ta ajiye su gefe ba ta buɗe ba. Ta kama hannuna ta daɗe tana jin bugun jini. Ta ce in miƙe hannaye biyu, ta ɗora farar takarda a kai. Takardar ko motsi ba ta yi ba. Ta zagaya bayana ta lalubi wuyana, ta duba idanuna, ta shafa fatar hannuna. Sai a sannan ta sa tabarau ta karanta.

"Malama, takardar nan da jikin nan ba mutum ɗaya suke magana a kai ba," in ji ta. "Takarda ta ce jikinki yana gudu. Ni kuma ina ganin mace da komai nata ya yi sanyi. Ɗaya daga ciki yana ƙarya, kuma jiki bai cika ƙarya ba. Kina da ciki?"

"A'a."

"Ƙwayar tazarar haihuwa?"

"A'a."

"Maganin zuciya? Allurar tsinka jini? Kin yi wata doguwar jinya kwanan nan?"

Duk a'a. Maigidana ya tambaye ta me ya haɗa waɗannan da wuya. Ta ce kowane ɗaya daga cikinsu yana iya sa lambar ta hau alhali naman wuyan lafiyarsa ƙalau. Ta ce akwai ma gidajen da ake haifar su da jini mai riƙe sinadarin da yawa, uwa da 'ya'ya duk gwajinsu ya nuna sama, kuma ba abin da ke damunsu har su tsufa.

"Daga yau ki ajiye wannan maganin. Gobe ki kawo mini duk abin da kike haɗiya wanda ba tuwo ba. Jiƙo, rubutu, ganyen shayi, na gyaran jiki, komai. Kada ki zaɓa mini. Ni zan zaɓa."

Washegari na cika leda: ƙwayar likita, maganin ciwon kai, jarkar Inna, ragowar rubutu a gora, har kanwa. Na juye mata a tebur. Ta ɗaga wannan ta sunsuna, ta ajiye, ta ɗaga wancan. Ta girgiza kai.

"Shi ke nan?"

Na buɗe jakata zan ciro katin asibiti, sai farar kwalbar ta biyo hannuna ta gangara kan tebur. Na yi sauri zan mayar, kunya ta kama ni, don maigidana bai san da ita ba.

"Wannan fa?"

"Ta gashi ce kawai, likita. Bitamin ce."

Ta karɓa, ta juya bayan kwalbar, ta karanta ƙananan rubutun. Ta cire tabarau.

"Nawa kike sha?"

"Biyu."

"Ranar da aka ɗebi jininki kin sha?"

"Kullum nake sha."

Ta jingina da kujera. Ta ce sunan bitamin ɗin bayotin, kuma ba guba ba ne, bai taɓa wuyana ba ko kaɗan. Injin gwajin ne ya ruɗe. Wasu injinan, in ji ta, da irin wannan bitamin ɗin suke kamo sinadarin su auna shi. In jinin mutum ya cika da shi, awon ya karkace, injin ya buga lamba mai yawa a inda ba yawa. Duk ranar da na je gwaji, da safen na haɗiyi abin da zai ɓata gwajin.

"Ban rantse ba tukuna," ta ƙara. "Ki bar ta kwana biyar, mu sake ɗiba. Jini ne zai raba mu."

A hanyar gida, da muka kusa sauka daga keke, maigidana ya juyo ya dube ni.

"Gashin ne ya dame ki haka?"

"Ba ka gan shi ba ne."

"Na gani. Ni ban ce komai ba don ban ga abin cewa ba."

Kwana biyar ɗin nan sun fi wata biyun tsawo. Ban gaya wa Inna ba, don kada in ɗaga mata rai a banza. In ɗauki tsintsiya in ajiye. In fita ƙofar gida in dawo. Rabin zuciyata tana roƙon Allah ya sa maganar likitar ta tabbata, rabi kuma tana jin nauyin abin da za a ce: mace mai ilimi, malamar makaranta, ta shayar da kanta wahala saboda gashin goshi.

Sakamakon ya fito a ƙasa. Ba sama ba, ba ma daidai ba, ƙasa. Likitar ta ce wannan aikin maganin da na sha ne, ya danne lafiyayyen nama har ya kusa yin shiru. Ta ce zai farfaɗo da kansa, in ba shi lokaci. Haka kuwa aka yi. A hankali sanyin ya sake ni, kumburin fuska ya saɓe, na daina tsayawa a tsakiyar tudu. Bayan mako shida aka sake gwaji, kowace lamba tana cikin gidanta.

Ranar na je Barade na zauna a gaban Inna na yi mata bayani da Hausa, inda ya ƙi shiga na juya Fulatanci. Ta sa na maimaita sau biyu.

"Wato babu?"

"Babu, Inna. Ba a taɓa yi ba ma."

Ta rufe fuska da gefen mayafinta. Na zaci kuka take, ashe duka biyun ne, kuka da dariya, da wannan dusasshiyar muryar tata.

"To ramar fa?"

"Likita ta ce yunwa ce da zirga-zirga."

"Wannan kam ina da maganinsa." Daga makon ta karɓi ƙaramar, tana wuni a wurinta har a tashi makaranta, kuma ba na fita gidan sai na zauna a tabarma na cinye abin da ta zuba.

Mai kitso ta fi ba ni wahala. Da na faɗa mata, ta saki kaina, ta koma gefe ta zauna.

"Malama, ni ban ba ka mugun abu ba. Yesu ya sani."

"Na sani. Likita ma ta ce ba mugun abu ba ne. Kawai duk wadda kika ba, ki ce mata in za ta gwajin jini ta faɗa wa likita, ta kuma ajiye ta kwana biyu-uku."

Ta ce to. Amma sai da na zo sau biyu kafin hirarmu ta koma yadda take.

Na daɗe ina juya maganar komawa wurin likitan farko. Maigidana ya ce in rabu da shi. Wata ranar sai in ji haushinsa, don na ce masa sanyi nake ji bai saurara ba. Wata ranar kuma in tuna ya tambaye ni, ni ce na ce a'a. A ƙarshe dai na je, da kwalbar da takardun babban asibiti, na bi layi kamar kowa.

Ya karanta a tsanake. Ya juya kwalbar, ya kwafi sunan a wata takarda. Fara'ar nan tasa ta ɗauke.

"Kin faɗa mini kina jin sanyi," in ji shi. "Na ji, amma takardar na bi. Ki yafe ni, Malama."

Na ce Allah ya yafe mana baki ɗaya. Na miƙe zan fita, sai na ga ya jawo wani babban littafi yana buɗe shafuka da sauri, yana bin sunaye da yatsa.

"Akwai mata biyu da nake ba irin maganinki," ya ce, kamar da kansa yake magana. "Ɗaya ma mun fara zancen tura ta a yi mata aiki."

Ya ɗauki waya. Na tsaya a bakin ƙofa ina son in ji ko za a ɗauka, amma mai bi mini a layi ta riga ta turo kai, dole na ba ta hanya. Ban san su wane ne matan ba, ban kuma san abin da ya biyo baya ba. Na sha cewa zan koma in tambaye shi, har yau ban koma ba.